Tausayi a ɗakin killacewa: me za mu rubuta wa sababbin ma'aikata?

Matiron Mai Ritaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Zafi ya matso, kun kuma san daga hunturu zuwa saukar ruwan farko lokacin sanƙarau ne a nan Sakkwato, damina kuma ta amai da gudawa. An nemi mu haɗa takarda shafi ɗaya da za a riƙa ba sabon ma'aikaci ranar da aka tura shi ɗakin killacewa. Yadda ake sa rigar kariya da cire ta, da wanke hannu, duk an manna a bango. Abin da babu a bango shi ne yadda za a bi da wanda ke kwance da danginsa da ke tsugune a bakin ƙofa.

Ga inda nake so mu fara. A asibitocinmu mai jinya ke ɗauke da rabin aiki. Shi ke sayo magani, ya ba da kunu, ya zubar da fo, ya yi fifita, ya ruga ya kira nas in ƙarin ruwa ya ƙare. Ranar da aka ce an killace mutum, an cire masa wannan mai jinyar ke nan. Duk abin da yake yi, ko mu ɗauka ko ya zube. Don haka ni ban son takarda mai cewa "ku zama masu tausayi". Ina son a jera ayyukan mai jinya, a gaban kowane a rubuta wanda zai yi shi da ƙarfe nawa.

Ɗan Mabera:
Inna, Allah shi ƙara girma. Ni dai a ganina da ma'aikaci za a hwara. Lokacin da korona tas shigo Sakkwato cikin Afrilun 2020, alawus na hatsari naira 5,000 na a wata. Cikin Yunin 2020 likitoci masu neman ƙwarewa sunka tahi yajin aiki a ƙasa baki ɗai, kan kayan kariya da wanga alawus. Nas da anka ba takunkumi guda shi yi kwanaki da shi, ba shi tsayawa kusa da gado. Shi aje magani shi juya. Mutane su ce ba shi da imani, alhali tsoro na, shina tuna ɗiyanshi a gida. In ba a gyara wanga ba, takarda ba ta yin komi.

Likitan Ƙirji:
Ƙanena, ban musa maka ba, kuma dole maganarka ta shiga takardar. Sai dai kada mu ɗauki tausayi kamar wani ƙari da ake yi in an samu sarari. Cikin aikin yake, kuma rashinsa na kashe mutum.

Duba yadda mutanenmu ke amsa tambaya. Ka ce wa dattijo "Baba ya jiki?" zai ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", ko da numfashi na neman gagararsa. Ma'aikacin da ke sauri zai rubuta "da sauƙi" ya wuce. Korona kuwa tana da wani hali: iskar jini na iya sauka sosai mutum bai ji wata shaƙa mai yawa ba. Saboda haka bayan gaisuwa a yi tambayar da "da sauƙi" ba ta amsa ta. Baba, yau a tsaye ka yi Asuba ko a zaune? Ka kai bayi da ƙafarka? Kunun da aka kawo, ka shanye ko ka rage? A saurari yadda yake magana, in yana yanke jimla don ya ja numfashi, an samu amsa. A ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur, ba daƙiƙa 15 a ninka ba. Babba da ya haura 30 a minti yana cikin hatsari.

Sai na'urar yatsa mai auna iskar jini. Abin da ake so ga babba kada lambar ta gaza 90, mai ciki kuwa 92 zuwa 95. Yatsa mai sanyi, baƙin lalle da jan farce duk suna rikita ta, kuma a baƙar fata tana iya nuna lamba sama da gaskiya. In Hajiya ta sha lalle, a ɗumama hannun, a nemi yatsan da bai kama sosai ba ko na ƙafa, a jira lambar ta tsaya. Duk wannan minti uku ne a gefen gado. Wanda ke tsoron gadon ba zai yi ba, a nan maganata da ta Ɗan Mabera suka haɗu.

Ɗaliba:
Yallaɓai, to masu cire abin oksijin fa? Ana sa musu, da an juya baya sun tuge.

Likitan Ƙirji:
'Yata, galibi ba taurin kai ba ne. Mutane da yawa sun ɗauka in an sa wa mutum oksijin to tasa ta ƙare, domin waɗanda suka gani an sa wa a baya a ƙurarren lokaci aka sa musu. Kafin ki ɗaura, ki miƙa masa abin ya riƙe, ya ji iskar a bayan hannunsa. Ki nuna masa lambar yatsansa kafin da bayan, ya ga ta tashi daga 86 zuwa 93 da idonsa. Na hanci yana ɗaukar har lita 5 a minti, mutum na iya ci da magana da shi. Na fuska mai jaka lita 10 zuwa 15 yake so, in aka rage jakar ta lafe, mutum ya ji kamar ana toshe shi, ya cire, kuma yana da gaskiya. A duba bayan kunne da karan hanci, robar na cin fata. In an ce ya kwanta rub da ciki, a sa filo ƙarƙashin ƙirji, a faɗa masa dalili da lokacin da za a dawo a juya shi, kuma a dawo ɗin.

Ungozoma 'Yar Arkilla:
Inna Matiron, a saka batun mata da kyau. Macen da ba ta iya faɗin sunan mijinta ko ɗanta na fari ba za ta gaya wa namiji mai rufaffiyar fuska cewa jini na zuba mata ba. Cikin rigar kariya ba a gane mace da namiji, balle suna. A ɗauki alƙalamin maka a rubuta suna da aiki da manyan baƙi a ƙirjin riga, wanda bai karatu kuma a faɗa masa da baki duk shigowa: "Ni ce wance, ungozoma, ni ce ta jiya." Kowane zagaye a ɓangaren mata a samu mace a ciki. A tanadi ƙunzugun zamani, zani da hijabi ba sai an roƙa ba, domin ba za a roƙa ba.

Na biyu, jariri. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a korona ita ce kada a raba uwa da jaririnta, ta sa takunkumi, ta wanke hannu, ta ci gaba da ba da nono. Inda aka raba su don tsoro, nono ya ɗauke, aka koma madarar gwangwani da ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsa ba, aka sayo gudawa. Wannan ba haka yake ga kowace cuta ba, na Ebola daban ne, shi ya sa a rubuta dokar kowace cuta ita kaɗai.

Tsofaffi masu nauyin ji kuma da leɓe suke fahimta, takunkumi ya rufe. Kada a yi musu ihu. A matso ta gefen kunnen da ke ji, a rage sauri. Wanda Fulatanci ko Zabarmanci ya fi masa sauƙi, a nemi ma'aikaci mai jin harshen tun ranar farko, a rubuta a fayil.

Jami'in Sa-ido:
Ni daga waje zan kawo tawa, domin kafin mutum ya iso gado an riga an gyara ko an ɓata. Motar asibiti da jiniya, mutum huɗu cikin fararen kaya su dira ƙofar gida a Gidan Igwai ko Runjin Sambo, yara su taru. An gama da gidan. Ba mai sayen ƙosan matar, ba mai zuwa zance wurin 'yarsu. Gida na gaba da ya ga haka zai ɓoye nasa maras lafiya, ko a ɗauke shi da dare a kai ƙauye. Mu kuma aikinmu bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da shi ne, kwana 14 aka riƙa yi a korona a 2020, 21 ake yi a zazzaɓin Lassa. Wanda aka kunyata ba ya ba ka sunaye.

Yadda ya fi: a kira maigida a waya tukuna, a yi sallama da mai unguwa, a ajiye mota nesa kaɗan, a shiga zaure da kayan gida da takunkumi, a zauna da tazara a yi bayani. Rigar kariya a sa ta a cikin gida in za a taɓa maras lafiya.

Kuma mu daina mamakin rashin yarda. Mutanen Arewa ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma yana cikin abin da aka riƙa ambata da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. In dattijo ya ce "gwaji za ku yi da mu", kada a yi dariya. A ce masa ga sunan maganin, ga kwalinsa, ga dalili, kuma yana da ikon tambaya.

Ɗan Mabera:
Wagga magana gaskiya ta. A Gombe ma cikin Mayun 2020 waɗanda anka killace hitowa sunka yi kan hanya suna zanga-zanga kan rashin kulawa. Mutum in ya ga an aje shi ba bayani, katanga ba ta riƙe shi.

Matiron Mai Ritaya:
Shi ya sa tambayar farko da kowa ke yi a ba shi amsarta da lamba: "Yaushe zan fita?" A korona ƙa'idar da aka koma kanta a tsakiyar 2020 ita ce kwana 10 daga fara alamu, a ƙara aƙalla 3 ba zazzaɓi ba alamun numfashi. A sanƙarau bayan awa 24 da fara allurar da ta dace hatsarin yaɗawa ya faɗi, mai jinya na iya matsowa. A kwalara ana barin mai jinya ɗaya, musamman ga yaro. A rubuta ranar a takarda a manna kan gado. "Sai yadda ta yiwu" ba amsa ba ce.

Waya kuma. Kowane maras lafiya a tambaye shi mutum ɗaya da ya yarda a riƙa gaya wa halinsa, a rubuta lamba biyu. Shi zai zaɓa, ba wanda ya fi ɗaga murya a ƙofa ba. A gidan mata biyu ko uku wannan ba ƙaramin abu ba ne. A tsayar da lokaci, a ce bayan La'asar, a kira kullum ko da babu sabon labari, domin shirun kwana ɗaya dangi mutuwa suke fassara shi. Soket na caji a ɗaki, buta ga kowane gado, dutsen taimama na kowa daban, a nuna alƙibla. Abincin gida a karɓa a ƙofa a juye a kwanon ɗaki. Mai ciwon suga da aka sa wa dexamethasone a gargaɗi danginsa kan fura mai sukari da lemon kwalba, maganin kansa na ɗaga suga.

Mai Kula da Tsabta:
Hajiya, kada a manta da mu. Mai shara da atanda sun fi likita daɗewa a cikin ɗaki, su ne ke ganin wanda bai taɓa abincinsa ba da wanda ke kuka da dare. A ba su kayan kariya irin na kowa, a sa su cikin bayanin miƙa aiki, a ba su damar cewa "gado na huɗu bai ci ba".

Sannan ruwan kulorin. A kwalara kala uku ne: kashi 2 cikin ɗari na amai, bayan gida da gawa, 0.2 na ƙasa da gado, 0.05 na hannu. Da garin kulorin mai ƙarfin 65 zuwa 70, giram 30 a lita ɗaya shi ne na farko, giram 30 a lita 10 na biyu, giram 7.5 a lita 10 na uku. In da Jik ne mai 3.5, awo ɗaya a ruwa awo 6 ya ba da 0.5, a ɗebi ɗaya daga wannan a ƙara ruwa 9 ya zama na hannu. Bokiti kala daban-daban, a rubuta, a rufe, a kawar daga rana, ruwan kulorin marasa ƙarfi a sake haɗawa kullum. Kuskuren da ake yi, a ga kamar mai ƙarfi ya fi, a wanke hannu da shi, fata ta tsattsage, ma'aikaci ya daina son taɓa kowa. Fesa wa mutum kulorin a jiki kuwa ba ya hana komai, sai ƙona ido da wulaƙanci. Wayarsa da carbinsa a goge a mayar masa, ba a ƙona ba.

Ɗaliba:
In jiki ya yi tsanani, dangi suka ce kada a gaya masa, sai a ce yana samun sauƙi?

Ɗan Mabera:
Ni ina ganin a bi dangi. Su sunka san nasu.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
A nan na saɓa maka, ƙanena. Tsakanin ƙarya da jefa wa mutum magana akwai hanya. A tambaye shi: "Baba, me ka fahimta game da jikin nan? Kana son in yi maka bayani, ko in yi wa ɗanka?" In ya ce a yi wa ɗansa, an bi zaɓinsa. In ya ce a gaya masa, a gaya masa kaɗan-kaɗan, a tsaya, a bar shi ya tambaya. Musulmi na da wasiyya, da bashin da yake son a biya, da wanda yake son ya yafe masa. Wanda aka ce wa "kana samun sauƙi" an hana shi waɗannan. Dangin da aka yi wa ƙarya jiya kuma, in aka kira su yau da rasuwa, su ne ke cewa asibiti ya kashe.

Sanar da rasuwa ta waya: a tabbatar da wanda ake magana da shi, a tambayi inda yake. In yana kan kabu-kabu ko tuƙi, ya tsaya tukuna. A ce "labarin ba mai daɗi ba ne", a ɗan dakata, sannan a faɗa a fili, "Allah ya yi masa rasuwa da ƙarfe kaza". Ban da "mun rasa shi" ko kewaye-kewaye. A yi shiru ya yi salati. Za a tambayi ko ya yi shahada, ko da wani a kusa. A faɗi abin da aka gani kawai.

Liman:
Allah shi saka da alheri. Batun gawa shi ka kawo rigima mahi girma. A korona ba a hana sutura ba: masu wanka su sa safar hannu, takunkumi da abin kare ido, tsohi da masu ciwon suga ko hawan jini su ja baya, dangi su gani ba taɓawa ba sumba. Inda wankan ad da hatsari ƙwarai, kamar cututtukan zubar jini, malamai sun san taimama ga mamaci, kuma tsarin binnewa da anka yi lokacin Ebola a 2014 ya yarda da ita. Salla kuwa ba ta buƙatar taɓa makara. Abin da nike roƙo, a zamna da limamai tun ba a yi mutuwa ba. Mace mata su yi mata. Kuma kada a tsare gawa kwana biyu jiran sakamako ba bayani, mu da muka binnewa a yini.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Bari in koma kan ma'aikaci, kada Ɗan Mabera ya ce an share shi. Tausayi na ƙarewa kamar ruwan randa, in ana ɗiba ba a zubawa. Alamar farko ba kuka ba ce. Nas mai haƙuri ta fara tsawa, ana kiran mutane da lambar gado, barci ya ƙi, wani ya fara haɗiyar ƙwayar barci ko tiramadol daga kabad. A nan ba wa'azi ake bukata ba, jadawali ake gyarawa.

Afrilu da Mayu zafin Sakkwato na haura 40, azumin 2020 kuma a ƙarshen Afrilu ya kama. Cikin cikakkiyar riga ta roba a irin wannan zafi, awa ɗaya ta yi yawa. A shiga bibbiyu, kowa na lura da ɗan uwansa, a sha ruwa kafin da bayan, gishiri da sukari ƙunshi ɗaya a lita ɗaya a wurin cire kaya. Hatsarin kamuwa ya fi yawa wurin cire riga, lokacin da mutum ya gaji, don haka wani ya tsaya yana faɗa masa mataki-mataki. Masu azumi a karkata musu shiga zuwa bayan buɗa-baki in zai yiwu, hukuncin wanda ya galabaita kuma a tambayi malamai tun kafin wata ya tsaya. A tanadi wurin wanka da canza kaya, mutum ya isa gida ya rungumi 'ya'yansa ba fargaba.

Abu ɗaya da ba a so: tara mutane dole bayan mutuwa mai zafi a ce kowa ya faɗi yadda ya ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar wannan ba. A duba wanda ya girgiza, a saurare shi in yana son magana, a haɗa shi da abin da yake bukata, ko hutun kwana biyu ne. Wanda ya kai mako biyu cikin ƙunci da rashin sha'awar komai, ko yake ambaton gara mutuwa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, a haɗa shi da likita, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa, kuma a rufa masa asiri. Wanda ya kamu a bakin aiki a riƙa kiran gidansa kamar yadda muka ce a yi wa kowa, albashinsa kada ya tsaya.

Ungozoma 'Yar Arkilla:
Saura tambaya ɗaya da ba a taɓa ba. Wanda ake ganin ba zai kai safe ba, a bar ɗansa ko matarsa su shiga?

Jami'in Sa-ido:
In Lassa ce ko makamanciyarta, ni ban yarda ba. Ta taga ko waya.

Likitan Ƙirji:
A Lassa na bi ka. A korona da sanƙarau ina ganin a bari, da sharaɗi. Mutum ɗaya, ba tsoho ba, ba mai ciki ba, ba mai suga ko ciwon ƙirji ba. A gaya masa hatsarin ya amince. Nas ta sa masa kaya da hannunta, ta shirya shi kan abin da zai gani, ta tsaya tare da shi, minti 15 zuwa 20, ita kuma za ta cire masa kayan. A rubuta sunansa cikin waɗanda za a bi sawu. Inda kayan kariya ba su isa ma'aikata ba, ba za a ɗauki na nas a ba baƙo ba, sai a sa waya cikin leda mai tsabta, a kara a kunnen maras lafiya, ɗansa ya laƙƙana masa shahada daga waje. Hajiya Matiron, katin wannan wayar a sa shi cikin kuɗin ɗaki, kada ya koma aljihun nas mai aikin dare.